Gindin Akwatin Illa

Jiya da hantsi wani daga cikinku ya tsaya a bakin rumfata yana latsa waya, ya ce wai akwati ai ba wani abu ba ne, gefe huɗu ne da murfi, ko makaho ya yi shi. Ban tanka masa ba, don bakina cike yake da ribe, 'yan ƙusoshin aikina. Yau da na ga kun taru a inuwar nan kuna jiran shayi ya nuna, ga kasuwa ba ta ci, bari in ba ku amsarsa. Mai sauri ya tashi tun yanzu, ni ban iya taƙaita magana ba.

Sunana Mutari, amma a nan Akokan, gefen Arlit, in ba ka ce Mutari mai akwati ba, babu mai nuna maka ƙofata. Daga Damagaram na zo a bayan kamyo, babbar motar dakon gero, ko gemu ban tsayar ba, da niyyar in shiga aikin ramin ma'adinai kamar kowa. Likitan da ke duba sababbin ma'aikata ya ɗora mini abin aunawa a ƙirji, ya ce in yi tari. Na yi, ya girgiza kai. Iyakar aikina da kamfani ke nan, ko rabin yini bai kai ba. Kunyar komawa gida hannu rabbana ta sa na zauna a kasuwa ina dako, har wani dattijo maƙeri da ake kira Baba Sanda ya ga yadda nake ɗaga kaya, ya ce in zo in riƙa riƙe masa ƙarfe.

Aikin farko da ya ba ni shi ne fasa tano, wato gangar ƙarfe, irin wanda aka gama zubar da man gazuwal ɗin cikinsa. Sai ka wanke shi da ruwa da yashi tukuna, don in ka sa masa kurfin yanka ƙarfe da sauran warin mai a ciki, wata rana a Arlit za a tsinci hularka. Sannan ka yanke kai da gindi, ka tsaga cikin, ka shimfiɗa shi a ƙasa, ka yi ta duka da gudumar itace har ya kwanta sumul. Wata shida na yi ba abin da nake yi sai wannan, tafin hannuna ya fashe ya warke ya sake fashewa. In na gama, Baba Sanda ya rufe ido ya shafa ƙarfen. Da ya ji tudu ko kwari sai ya ce, "Ɗan Damagaram, wannan hanyar garinku ce ka kawo mini?" Ya turo mini shi da ƙafa, in sake daga farko.

Ranar da ya fara ba ni almakashinsa ban manta ba. Dogon almakashin ƙarfe ne, hannunsa ɗaya an naɗe shi da fata, kuma ko ɗan da ya haifa ba ya barinsa ya taɓa. Ya zana mini layi da ƙusa, ya ce in bi. Na bi, na kauce da kamar faɗin ƙwayar gero. Bai zage ni ba. Ya ɗauki guntun, ya rataye shi a saman rumfa daidai inda nake zama, ya yi wata guda a can yana kallona ina kallonsa. Sauran kayan aikin ba su taka kara sun karya ba: maƙerarmu guntun ƙarfen babbar mota ce da aka binne rabinsa a ƙasa, sai guduma uku, sai ƙarfen huda da magagari. Ga su nan har yau, ni na gaje su, ku taɓa ku ji nauyi.

To, ku saurara, ga inda sana'ar take. Murfi ado ne, fenti kuma na mai saye ne. Akwati gindinsa ne. Baba Sanda ba ya haɗa gindi da jiki sai da kalmasa: ka lanƙwasa bakin wannan, ka lanƙwasa bakin wancan, ka sa su rungumi juna, ka sake ninkewa, ka dake su a kan maƙera har su zama abu ɗaya. Bayan nan ka huda ka bi da ribe, wato 'yar ƙusar nan da ake dukan kanta ta baje ta riƙe ƙarfe biyu, tsakanin kowace da 'yar'uwarta yatsa uku. Akwati ɗaya kwana biyu, in ka yi sammako. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba ma kaiwa a yi mana walda mu huta. Ya ce, "Ka taɓa hawa kamyo daga nan zuwa Tawa?" Na ce a'a. Ya ce, "Hanyar nan girgiza take yi, ba duka ba. Kalmasa tana rawa tare da mota. Walda a kan siririn ƙarfe ba ta iya rawa ba, tsagewa take." Ya kuma ce in lura da yadda mutanenmu ke shirya kaya. Kowa, namiji ko mace, abin da ya fi ƙauna shi yake fara shimfiɗawa a can ƙasa, takarda ce ko zinariya, sannan ya danne da tufafi, don ɓarawo ta sama yake buɗewa. Saboda haka mai yin gindin akwati shi ake ba amana, ko da ba a faɗa masa ba.

Ku da kuka buɗe ido kuka ga garin nan haka, ba za ku gane abin da nake nufi da Akokan ba. Kafin rana ta fito, motocin ɗaukar ma'aikata sun jeru, kowa da takalminsa mai ƙarfe a baki da 'yar jakar abinci. Masu shayi da masu ƙosai sun san lokacin fitowar kowane rukuni fiye da agogo. A site, wato unguwar gidajen ma'aikata, famfo ba ya ƙafewa, wuta ba ta ɗaukewa. Mu mutanen kasuwa da ke kwana a bukkoki, kowa yana da gidan da yake zuwa karɓar ƙanƙara da azumi, kuma ba a ɗauke shi roƙo ba. In lokacin konje ya zo, ma'aikata za su tafi hutu gida, layin da ke bakin rumfar nan sai ya kai wajen mahauta. Kowa so yake ya sauka a ƙauyensu da akwati mai sheƙi, sunansa da na garinsu a rubuce a murfi, a san ya je arewa ya samo.

Akwatin farko da na yi ni kaɗai daga tano har fenti, na Illa ne. Ba'adare ne daga wajen Tawa, siriri, mai yawan dariya, yana aikin ƙarƙashin ƙasa. Zai je gida ɗaurin aurensa. Ya zo ya tarar Baba Sanda ba ya jin daɗi, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai za ka yi min? To, in yab buɗe bisa hanya, kai za ka biya sadakin." Na yi masa kore, da fure ja a kowace kusurwa. Da ya zo ɗauka sai ya hau kansa da takalmin aiki ya yi tsalle sau uku, jama'a na dariya, akwati ko gezau. Daga ranar muka ƙulla. Shekara talatin da 'yan kai, a gidansa nake buɗe baki da azumi, matarsa ce ta yi wa matata rakiya ranar da ta tare, 'ya'yansa kuma Baba suke ce mini.

Baba Sanda ya rasu, rumfa ta dawo hannuna. Sana'a ta fara ja baya tun kafin garin ya ja. Aka shigo da jakunkunan yadi masu taya, da manyan jakunkunan leda masu ratsi, ga arha ga rashin nauyi. Amare suka daina son akwatin ƙarfe, wai na kakanni ne. Don in ci abinci na sayi injin walda na hannu, ina yin ƙofa da taga da murhu. Akwati kuwa in na yi biyu a wata, na gode Allah. Amma ko a lokacin, in na yi, da kalmasa nake yi.

Sai shekarar da aka rufe ramin Akokan. An daɗe ana faɗa, ba mu yarda ba, har ranar da motocin ma'aikata suka fita da safe ba kowa a ciki. Na ga ƙarti majiya ƙarfi zaune a gindin bango da hantsi, ba su san inda za su sa hannuwansu ba. Mai nama ya koma yanka akuya ɗaya, ita ma ta kwana. Mai burodi ya kashe tanda ɗaya cikin biyu. Matan site suka fito da firji da gado da tabarmi suna sayarwa, masu saye kuma su ma tafiya za su yi. Shekara ce da ko gaisuwa ta canza, maimakon a ce ina gajiya sai a ce yaushe ne tashin.

Ni kuwa, Allah ya yafe mini, ban taɓa ganin kasuwa irin ta shekarar ba. Faɗuwar wani tashin wani. Wanda zai kwashe zaman shekara talatin ya bi da shi ta wannan hanya, ga gudoro, kwaltar nan, duk ya farfashe ya koma ramuka, ya san jakar leda ba za ta kai shi ba. Sai aka tuna da Mutari. Kafin in buɗe rumfa mutane sun riga ni, kowa da ranar tashinsa a baki, wannan jibi, wancan gata. Ni kaɗai, hannu biyu, akwati kwana biyu. Na mayar da mutum goma a rana ɗaya, ina kallo suka juya, sai zuciya ta ce mini: kai, shekara nawa kana lasar miya, yau ga tuwo ya zo za ka ce hannunka da datti?

Ga abin da na yi, kuma ku ji shi daga bakina, ba daga bakin 'yan tasha ba. Na daina fasa tano, na koma sayen tol, siririn fallen ƙarfe. Gindi kuma na daina kalmasa. In jera shi da jiki, in ɗiga walda nan da can, in shafe tsagar da mastik, ƙullun nan na toshe kafa, in bi da fenti mai kauri. A kusurwoyi in buga ribe bibbiyu don ido, waɗanda ba su riƙe komai ba. Akwati huɗu a yini. In ka gan shi a rana yana ƙyalli, sai ka rantse ya fi na da. Na ce wa kaina tafiya ɗaya ce za su yi, in sun isa gida a ɗaka za a ajiye shi har abada. Na san ƙarya nake yi wa kaina, don duk wanda na miƙa wa, ba na iya kallon idonsa.

Ana cikin haka Illa ya zo. Koren akwatinsa ya daɗe da ba babbar 'yarsa da ta yi aure. Ya zauna a kan bencin nan da kuke kai, ya rame, dariyar ta ragu. Ya ce, "Mutari, ka yi min irin na da. Babba nika so. Abin da za ya shiga ciki ba na kasuwa ba ne."

Na san abin da yake nufi. Illa yana da 'ya, Ramatu, ta biyu a ɗakinsa, da zazzaɓi ya ɗauke ta tana shekara bakwai. Ni na sauka cikin kabarin na karɓe ta daga hannunsa. A maƙabartar Akokan take. Hotonta ɗaya ne a duniya, wanda wani mai hoto ɗan kudu ya ɗauke ta ranar Sallah, kuma mai hoton ya bar garin tun ba a haifi yawancinku ba. Shekara da shekaru hoton na rataye a saman rediyonsa. Ya ce mini, "Kabari ba ya ɗaukuwa. Wanga hoto shi ɗai za mu tahi da shi, ni da uwatta."

Na ce masa ya bar komai a hannuna. Kuma wallahi da gaske nake. Na ware tano mai kauri na jingine a bayan rumfa, na ce gobe. Gobe ta zo da mutum ashirin. Na ce jibi. Ana haka sai ga Illa da la'asar, ya ce kamfani ya matso da ranar karɓar makullin gida, kamyo zai tashi da safe, ina akwati? Tanon na nan a jingine ko wanke shi ban yi ba. Abin da ya kamata in ce kalma biyar ce: ban yi ba, ka jira. Sai na ji bakina ya ce, "Fenti kawai ya rage." Da ya tafi na jawo ɗaya daga cikin na layi, mafi girma, na shafa masa kore, na rubuta sunansa. Da ya zo ɗauka bai hau kai ba, bai ko ƙwanƙwasa ba. Ya ce, "Aikinka ba ya son gwaji." Na taya shi ɗorawa a amalanke.

Kamyon na wani Buzu ne, Agali, mutumin duwatsun Ayar, da ya shekara ashirin yana bin hanyar nan. Kwana biyar bayan tashinsu ina cikin ɗiga walda aka aiko wai sarkin tasha na kirana, in zo yanzu. Tun daga nesa na hango koren akwati a tsakiyar rumfar tasha, mutane sun kewaye shi.

Abin da ya faru shi ne, an ɗaure akwatin a can sama, gefensa ɗaya ya ɗan leƙo waje, kamar yadda ake yi wa kowane akwatin ƙarfe. A hanya gindin ya buɗe ta wannan gefen, tsagar ba ta fi a zura tafin hannu ba. Tufafi ba su fita ba, sun yi kauri. Abin da ke shimfiɗe a ƙasa ne ya yi ta zamewa ɗaya bayan ɗaya, mota na tafiya, ba wanda ya gani. Takardun aikinsa, takardun haihuwar yara, da hoton, wanda ya cire daga gilashi don kada ya fashe, ya sa a ambulan. Sai a Agadas da aka zo gyara ɗauri aka lura. Illa ya sa iyalinsa a wata mota suka wuce Tawa, shi ya biyo Agali suka dawo, yana tsaye a bayan kamyo yana duba gefen hanya tun daga Agadas har Arlit. Duk inda ya hango fari sai ya buga a tsaya. Leda ce, ko ƙashi.

Illa ya kai ƙara cewa Agali ne ya ɗaure akwatin da mugunta, ya ja igiya har ƙarfe ya buɗe. Sarkin tasha ya ce in haka ne, zai cire Agali daga layi har ƙarshen kwashe-kwashen nan. Ku gane, a shekarar babu wani lodi sai na masu tashi. A cire mutum daga layi a lokacin, an ce ya sayar da motar ke nan, ga shi da iyali a daji suna jiransa. Sarkin tasha ya ce, "Malam Mutari, kai ne masanin ƙarfe a garin nan, kuma aikinka ne. Duba ka gaya mana. Abin da ka ce shi za a yi."

Illa ya ce, idonsa jawur, "Ku tambaye shi. Shekara talatin, an taɓa jin akwatin Mutari ya buɗe? Ni da ƙahwata na hau na hwarko."

Agali ya sassauta rawaninsa daga baki ya ce, "Malam, duba da tsoron Allah. Ni na san akwatinka. Bisa shi nake tsayawa in ɗaure kaya, shekara da shekaru. Yadda nake ɗaure kullum, haka na ɗaure wannan. Ban san mi ya same shi ba."

Na durƙusa na kifa akwatin. Ba sai na duba ba, amma na yi kamar ina dubawa, don in sami abin yi da idona. Ga shatar igiya a jikin fenti, ɓaro-ɓaro. Da na ɗora yatsa a kanta na ce ga shi nan, magana ta ƙare, babu mai musa mini. A cikin masu kallon nan kuwa na ƙirga fuska ta fi goma da akwatina ke ɗakinsu, an cika shi ana jiran mota. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na ɗaga kai na ga Agali ya zuba mini ido, mutumin da bai taɓa cin mini ko ƙwayar dabino ba. Na ce a ba ni wuƙa.

Na kankare fentin, mastik ya zubo kamar garin rogo. Na nuna musu ɗigon waldar guda shida, duk sun tsage. Na sa bakin wuƙa na ɓamɓare ribe ɗaya ta kusurwa, ta faɗo ba gardama. Na ce, "Igiya ba ta da laifi. Babu kalmasa a gindin nan. Ni na yi shi haka, kuma na sani. Duk wanda ya sayi akwati a hannuna tun bayan rufe rami, irinsa ne, kada ya ɗora shi a mota."

Tasha ta ɓarke. Wani ya ce Allah ya isa, wani ya ce ashe tsufa ba ya hana cuta. Wata mata ta tofar da yawu a gabana, kuma ban ga laifinta ba. Agali ya mayar da rawaninsa ya juya wajen motarsa. Sai Illa ya juyo wajena. Ya dube ni kamar yana neman wani a bayana, ya kwashe tufafinsa daga akwatin ya zuba a buhu, ya fita.

Wata biyu na yi ina bin gida-gida a site da amalanke, ina karɓo akwatunan da ba su riga sun tafi ba, in farke gindi in sake da tano da kalmasa, ban karɓi ko sisi ba. Wasu sun ba ni, wasu sun ce in ɓace musu da gani. Waɗanda suka riga suka kama hanyar Maraɗi da Damagaram, har yau ban san abin da ya zube musu ba, kuma wannan yana cikin abin da zan amsa a gaban Allah. Injin waldar na sayar. Kasuwa kuwa ba ta dawo ba, kun dai ga yadda nake yini.

Amma kafin duk wannan, washegarin ranar tasha, Illa ya zo rumfa da sassafe. Bai yi sallama irin tamu ba, ya ce, "Taso." Na bi shi a baya har maƙabarta. Ya tsaya a kan ɗan ƙaramin kabarin, yashi ya rufe rabin duwatsun da aka jera masa. Ya durƙusa ya share da hannu, ya gyara su ɗaya-ɗaya. Na ce, "Illa, ka yafe mini. Ka ba ni kwana biyu in yi maka wani."

Ya ce, "In sa mi ciki?"

Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa ya ce, "Yahiya ta Allah ce, ni ban iya ce maka komi yau. Amma ga abin da nika so. Ni na tahi, kai kana nan. Iska na binne wurin ga cikin wata guda in ba a share ba. Kak ka bari shi ɓace shi ma." Na ce na ɗauka. Da azahar ya hau mota da buhunsa.

Tun daga ranar, kowace Juma'a in an sauko masallaci can nake wucewa. 'Ya'yana suna Damagaram, kullum suna waya in tattara in dawo, me ya rage a Akokan? Ina ce musu sai an kwana biyu. Illa kuma yakan kira ni jefi-jefi, ba ya wuce minti ɗaya. Ya tambayi duwatsu, in ce suna nan, ya ce madalla.

Da Sallar da ta wuce ya kira da hantsi, ina zaune a nan. Muka gaisa, ya tambayi duwatsu, na ce suna nan. Sai bai kashe ba. Ina jin numfashinsa, da muryar matarsa a kusa tana cewa ya tambaye ni mana. Can ya ce, "Mutari, kai ka san Ramatu, kan cinyarka taka zama in kac ci abinci gidana. In ta yi dariya, wane kumatu ne ka lotsawa, na dama ko na hagu? Ni na ce dama, uwatta ta ce hagu. Tun jiya muke gardama, har ta yi kuka."

Na rufe ido na nemi fuskar yarinyar nan iya ƙarfina. Na ga 'yar rigarta ta Sallah, na ga kitson, fuskar ta ƙi zuwa. Da na ce dama, da ya ji sanyi, kuma babu mai ƙaryata ni har tashin duniya.

Na ce, "Ban tuna ba, Illa."

Na duba wayar, na zaci layin ya yanke. Sannan ya ce, "To. Mu ma haka." Ya kashe wayar.